Wanda Ya Biyo Ni daga Ɗakin Injin

Shekara goma sha tara muna nutso a tekun Binzart, ni da abokina Munsif. Ranar nan muka sauka wajen wani jirgin soja da ya nutse tun Yaƙin Duniya na Biyu, zurfin mita tamanin, inda tsakar rana take kamar dare.

Ina cikin ɗakin injin jirgin sai laka ta tashi, fitilata ta mutu, na rasa ƙofa, iskar tukunyar da ke bayana kuma tana ta raguwa. Sai wani hannu mai sanyi har ƙashi ya kama ni, ya ja ni zuwa igiyar kwale-kwalenmu. Na ɗauka Munsif ne. Awa guda muna hawa a hankali, yana ƙasa da ni.

Da na fito, na tarar da Munsif a bushe yana shan shayi.

"Ciwon kunne ya juyo da ni tun mita goma," in ji shi. "Kai ba ka waiwaye ne, Lutfi?"

Baba Hadi matuƙinmu ya taɓa igiyar. "To wa ke janta, yarana?"

Na leƙa. Mutum ne cikin kakin sojan ruwa, ba tukunyar iska a bayansa, idanunsa a kaina, yana hawowa.