Mutumin Ƙarƙashin Fitila a Hollywood

Shekara ashirin da biyu na yi ina wasan kwaikwayo, goma a dandamalin New York, sauran a finafinai marasa magana. Ran nan, da aka fara finafinai masu magana, wani sabon darakta, Haskell, ya gwada muryata a na'urarsu ta ɗaukar sauti, ya ce, "Baba Ambrose, fuskar dai ba laifi, amma wannan murya ai ta agwagwa ce. Je ka huta."

Na ce, "Da wannan muryar nake cika ɗakin wasa tun kana rarrafe." Shi da ma'aikatansa suka bushe da dariya.

Haushi ya hana ni hawa mota, na taka da ƙafa har duhu ya yi. Kusa da tsohon wurin ɗaukar fim da aka rufe, na ga mutum tsaye ƙarƙashin fitilar titi. Warin tsohon fim ya bugi hancina.

Na ce, "Malam, kai ma korar ka suka yi?"

Ya juyo. Bakinsa na motsi, babu sauti. Ya nufo ni da sauri-sauri, takalminsa na dukan ƙasa, ban ji takunsa ba. Hasken fitilar rawaya ne, amma shi toka-toka, yana rawa kamar hoton majigi.

Ya dafe ƙirji, ya karkatar da kai hagu. Ni na ƙirƙiro wannan salon a fim ɗina na farko. Gashin bakin ma nawa ne.

Na kurma ihu iya ƙarfina. Ban ji komai ba.