Sanarwar da Ban Kwafa Ba

Gab da magariba na koma ofis, wai in ƙarasa gyaran wata 'yar manhaja da na rubuta wa kaina. Aikinta ɗaya ne. Duk abin da na kwafa, a kwamfuta ko a waya, sai ta adana shi, in na buga umarni a baƙin allon kwamfuta ta miƙo min in liƙa inda nake so. Nawarta ce ta ishe ni. Ka buga umarni ka zauna zugum kamar mai bin layin asibiti. Ni kuwa kowa ya san ba ni da haƙuri.

Na tarar da mai gadi yana alwala a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, a bari a yi salla mana. Ba a zama a sama kai kaɗai a wannan lokacin."

Na ce masa yanzu zan sauko.

Da can sai na kwafa abu manhajar take dubawa. Na cire wannan jiran kwata-kwata, na sa ta riƙa leƙawa ba tsayawa, ko an kwafa ko ba a kwafa ba. Na gwada. Kafin in ɗaga yatsa ta amsa. Har da 'yar dariyata.

Na sake buga umarnin. Sai ga wani abu a can saman jerin abin da ta adana, wanda ban kwafa ba.

Sanarwar rasuwa ce, irin wadda mutum ke rubutawa sau ɗaya ya yi ta liƙa wa dangi. Salon rubutuna ne sak. Sunan Auta ne a ciki, ƙanina, wanda ya kira ni da la'asar ya ce ya taso a mota, a gidana zai kwana.



Na buga umarnin gogewa. Allo ya ce an goge. Na duba, tana nan daram.

Fankar kwamfutar ta yi shiru. Ɗakin ya cika da ƙamshin kafur, irin na wankan gawa. Kujerar da ke bayana ta yi 'yar ƙara, kamar an zauna.

Shafin hirar danginmu ya buɗe da kansa.

"Liƙa," in ji wata murya a kunnena. Numfashinta sanyi ƙalau.

"Ba ni na rubuta ba."

"Za ka rubuta. Kai ka ce ba ka son jira."

Hannuna ya tashi ba da izinina ba. Yatsa ɗaya ya danne maɓallin farko cikin biyun da ake dannawa a liƙa.

Saura ɗaya.

Na ambaci sunan Allah, na sa ƙafa na fizge wayar wutar. Ban san yadda na sauko matakala ba. Mai gadi ne ya tare ni a ƙasa.

Auta ya iso bayan isha da jini a goshi. Tirela ce ta gogi motarsu, ya ce saura ƙiris.

Na sa an share duk abin da ke cikin kwamfutar tas. Amma sanarwar ta riga ta shiga wayata, na sauya waya, ta biyo ni. Duk sanda na taɓa wurin rubutu sai kalmar liƙa ta leƙo. Yanzu kira kawai nake yi, kuma tsoro bai bar ni ba.

Jiya Auta ya ɗauki wayata zai tura saƙo gida. Na kwaɗa masa mari, ni da ban taɓa dukansa ba. Har yanzu bai yi min magana ba. Gara ya yi ta fushin, yana da rai.