Kwamfuta ta Arba'in da Tara

Na taɓa tsayawa ɗaki ɗaya da abin da ba mutum ba, har ya dafa min hannu. Amma in za a bi gaskiya, ba shi ya fi ɓata min rai a ranar ba. Jami'in sayayyarmu ne.

Ni ke kula da kwamfutocin kamfanin, guda arba'in da takwas a hawa uku. A lokacin ina watan ƙarshe na gwaji, ba a ba ni takardar tabbatar da aiki ba tukuna. Aka ce za a sauya manhajar da ma'aikata ke amfani da ita, na rubuta wa jami'in sayayya irin wadda zai sayo, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Manhajar ɗaya ce, amma masu ita iri biyu suke ƙunshe ta. Akwai wadda daga kujerata zan tura ta ga kowace kwamfuta lokaci guda, ta shige shiru ba tare da ta tambayi kowa komai ba. Akwai kuma wadda aka yi domin mutum ɗaya a gidansa: sai ka taka har gaban na'urar, ka danna "ci gaba" sau bakwai, ka sa kalmar sirri, sannan ka tsaya kana kallonta kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Jami'in sayayya ƙanin matar Manaja ne, Rangwame muke kiransa. Ta biyun ya sayo.

"Injiniya, ai duk kanwar ja ce," in ji shi. "Suna ɗaya, hoto ɗaya. Wannan kuwa ta fi sauƙi."

"Sauƙi ga wa?"

"Kai dai ba ka son motsa jiki. Dubi tumbinka."

Na kai kuka wurin Manaja. Ya saurare ni tsaf, idonsa na kan wayarsa. Da na dasa aya ya ce, "Gobe ƙarfe takwas, duk kwamfutar da ke cikin ginin nan ina so in gan ta da sabuwar manhaja. In aka samu ɗaya babu, takardarka ma babu."

"Yallaɓai, ai matsalar daga..."

"Ɗaya," ya ce, ya ɗaga min yatsa, wai ko ban iya ƙirga ba.

Tun da hantsi na fara, ina tayar da mutane daga kujerunsu ina shan harara. Ci gaba, ci gaba, ci gaba. Shekara biyar na yi a jami'a domin wannan. Rana na gab da faɗuwa, kowa ya watse, ina kan ta arba'in da takwas a hawa na uku, matata ta kira.

"Abban yara, ko kwamfutar ce za ta ba ka abinci yau?"

"Wannan ce ta ƙarshe."

"Haka ka ce da la'asar."

Na ajiye wayar. Ta gama, na kashe ta, na miƙe ina matsa ƙugu. An kashe na'urorin sanyaya ɗaki, ginin ya yi tsit, sai kukan fitila ɗaya mai ƙiftawa a baranda.

Sai na ji ƙas.

Ƙarar danna linzamin kwamfuta ce. Na wuni ina yin ta, ba zan kasa gane ta ba.

Ƙas. Ƙas.

A ƙarshen barandar akwai ɗakin tsofaffin fayiloli, wanda tun zuwana a kulle na san shi. Yau ƙofar a ɗage take kaɗan, wani haske shuɗi-shuɗi na fitowa ta ƙasanta.

Ni mutum ne da ya yi karatu. Na san iska na buɗe ƙofa, na san ɓera na taka abin da ya ga dama. Da wannan ilmin na tura ƙofar.

Warin tsohuwar takarda. Warin wayar wuta da ta ƙone. A ƙarƙashinsu kuma wani wari, kamar na jiƙaƙƙen gashi.

A kan teburi, tsakanin tulin fayiloli, ga wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, ba ta cikin takardata ta jerin kwamfutoci. A fuskarta ga sabuwar manhajarmu. An riga an danna duk "ci gaba" ɗin, ta tsaya inda take neman kalmar sirrin mai kula da na'urori. Wato tawa.

Kujerar gabanta ba kowa, amma katifarta a lotse take.

Wayar wutarta na ƙasa a nannaɗe. Ba a jona ta da komai ba.

"Injiniya." Wata murya ce, a hankali, dab da kunnena na hagu. "Mun jima muna jira."

Na buɗe baki in yi addu'a, abin da ya fito shi ne, "Ba kwa cikin takardata."

"Cikin ginin muke."

Ƙafata ta ce gudu. Kaina ya ce ɗaya. Na tuna yatsan Manaja, na tuna yara uku da wata shida da na kwashe ina gwaji. Na sunkuya kan madannai.

Na kuskure kalmar. Na sake, na kuskure. In na yi na uku za ta kulle.

Wani hannu ya sauka a kan nawa. Sanyi ƙalau. Yatsun sun fi biyar.

Ya daidaita min hannu, na buga.

Layin nan mai nuna ci gaba ya fara rarrafe. Ashirin. Hamsin. Numfashi a ƙeyata, mai ɗumi, mai warin toka.

Casa'in da tara.

Ya tsaya nan, kamar yadda ya tsaya min sau arba'in da takwas.

A bayana ƙofar ta fara kuka tana rufuwa.

Ɗari.

Ban san na iya tsalle haka ba. Ƙofar ta cafke bakin rigata, na bar mata shi. Matakala uku-uku na riƙa haɗawa har bakin ƙofar fita.

Maigadi ya dube ni, ya dubi rigar. "Injiniya, lafiya?"

"Baba, motsa jiki nake."

Washegari ƙarfe takwas Manaja ya zagaya hawa ukun, ya leƙa nan ya leƙa can, ya miƙo min takardata. Ɗakin fayiloli na nan da kwaɗonsa mai tsatsa, ba wanda ya kula shi. Rangwame ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko? Da ka tsaya surutu."

Bayan mako guda masu manhajar suka aiko cewa na'urori arba'in da tara ke amfani da ita. Rangwame ya ƙaro lasisi ɗaya, bai tambayi na wane ne ba. A jerin na'urorin da ke gabana ina ganin ta yanzu, can ƙasa, tana kunnuwa kullum da faɗuwar rana.

Jiya na zauna na karanta yarjejeniyar da Rangwame ya sa wa hannu. Ta shekara uku ce. Duk wata sai an sabunta manhajar, da hannu, kwamfuta bayan kwamfuta.