Ɗan Aiken Bushira

A tashar Buza Mahfuzu ya fara ganinta, tana rigima da yaron mota don ya ɗora buhun albasa a kan jakarta. Shi da ya zo karɓar maganin ɗan asibitin da yake aiki, sai ga shi yana sauke albasar da ba tasa ba.

Bushira sunanta, 'yar Karofane, ta zo hutu daga ƙasar waje inda take bincike a labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Kafin mota ta cika ya karɓi lambarta, ita kuwa ta tafi da hankalinsa.

"Wai mi kike yi can?" ya tambaye ta a waya.

"Ƙwayar cuta nike aike," ta ce tana dariya. "Mu cire mata dahi, mu ba ta saƙo. Ta shiga ƙwayar jikin mutum da munka aje cikin kwalba, ta iske wani umurni na gado, ta ce mishi yi shiru. In ya yi shiru, 'yan injinan da ke gina jiki ba su kammala haɗuwa. Nan muke ganin yadda ciwon ke farawa."

Ciwon da take nufi shi ya ɗauke ƙanenta Idris: yaro na ci ba ya girma, jini na ƙarewa.

Washegari ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, ni ma ina da ɗan aike zuwa ga babanki. Amma nawa ba shiru zai sa ba, guɗa zai sa."

Ta amsa: "Likitana, aiko shi."

Sai dai kafin goro akwai bincike. Lalla, mahaifiyar Mahfuzu, ta sa aka shaƙo mata labarin gidan, aka dawo da maganar Idris. Nan take ta ce a'a. Ga Salima ɗiyar ƙanen ita Lalla, lafiyayya, me za a je nema gidan ciwon gado? Mahfuzu ya yi roƙo har ya rame, Lalla ko gezau.

Sai Bushira ta yi abin da budurwa ba ta yi. Maimakon ta ɓoye wa uwar saurayi kamar kowa, ta yafa mayafi ta je har gida, ta durƙusa a gabanta. Maƙwabta har leƙe suke yi.

"Inna, abin da anka hwaɗa miki gaskiya ne. Na gwada jinina, ina ɗauke da rabin abin. Rabi ba ya ciwo, sai in ya gamu da wani rabin. A gwada nashi. In yana da shi, ni da kaina zan bar miki shi, ko da ina son shi kamar raina."

Lalla ta dube ta. Ita ma ta taɓa binne ɗa, kuma har yau ba wanda ya gaya mata dalili.

"Ɗiyar ga, ba ki da kunya," in ji Lalla. "Amma ba ki da ƙarya. A ɗebi jinin."

Jini ya tafi, jira ya yi tsawo. Gero ya fitar da kai, ya nuna. Bushira ta daina amsa "sanyin idona", don tsoron kada ta saba da abin da za ta rasa.

Wata hantsi sakamako ya iso wayarta. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Likitana, ba ka da shi. Maza, aiko."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Karofane. Da aka kawo amarya, Lalla ta manta da tata kunyar ta suruka, ta riga kowa guɗa. Ta dafa kan Bushira ta ce, "Allah shi yi muku albarka. In an samu namiji, Idris za a sa mishi, kuma wannan zai girma."