Abin da Aka Cusa Cikin Kwamfutar Muzammilu

Wani a gidan Alhaji Mamuda ne ya yi wannan aika-aika, kuma ya san kansa. Ba baƙo ba ne, ba maƙiyi ba ne, a gidan yake kwana. Ya bar yarinya tana birgima a ƙasa, ya bar tsohuwa tana shan zargi, bakinsa gum. Suna kam ba zan kira ba, don katanga ɗaya ce tsakanina da su a nan Bagudo. Amma yadda aka yi, sai na faɗa.

Alhaji Mamuda makanikin injin jirgin ruwa ne a Lolo, can bakin iyakar Benin. Kakanninsa masunta ne, masu tsafe-tsafen ruwa, amma shi tuni ya juya wa wannan baya. Da idona na ga ranar da ya tara layun gidan ya cinna musu wuta a tsakar gida, uwarsa Inna Fatiha tana kallo tana hawaye. Matarsa ta rasu ta bar masa biyu, Muzammilu da ƙanwarsa Munawwara, tsohuwar ce ta rene su.

Muzammilu ya sami gurbin karatu a Turkiyya saboda taswirar ambaliyar kogin Kwara da ya yi shekaru yana zanawa a kwamfutar tebur, wata baƙar akwati mai nauyi da ya harhaɗa da hannunsa. Aikinsa duka yana cikinta, ƙaramar kwamfuta ba ta iya ɗaukarsa, halin sayen wata a can kuwa babu. Dole da ita za a tafi.

Ranar da abin ya soma, yamma ce kamar kowace. Kaji sun hau makwancinsu, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa. Muzammilu yana kan tabarma yana karanto dokokin filin jirgi daga wayarsa, Inna Fatiha tana bakin murhu, Alhaji yana alwala a gefe.

"Sun ce ana tafiya da kwamfutar, Inna. Amma sai ta bi ta cikin na'urar da ke haska kaya. Ko allura ce a ciki, sai sun gani."

"Ba su buɗe ba, su gani? Kai, yaronga, rage ƙarya."

"Wallahi kuwa. Kuma za su tambaye ni, ni na haɗa kayana da hannuna? Wani ya ba ni saƙo? In suka ga abin da na kasa bayaninsa, ni da jirgi sai kallo. Wataƙila ma a hannunsu zan kwana."

Butar Alhaji ta kife, ruwan ya malale. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dira gaban tabarma. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Munawwara ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri. A jiƙe yake, sumul, da gansakuka a jikinsa, irin dutsen da ke kwance ƙarƙashin kogi. Rani ne kuwa, ko raɓa babu.

Washegari da magariba jifan ya dawo. Wannan karon har da wani sauti daga ɗakin Muzammilu. Kwamfutar tana cikin kwali, an naɗe ta da soso, ba waya ba wuta, amma fankar cikinta tana juyi. Ƙarƙashin ƙugin fankar kuma akwai murya, kamar mutum yana magana kansa a nutse cikin ruwa.

A yamma ta uku Munawwara ta fito da kwanon tuwo, ta tsaya cak a tsakar gida, kwanon ya suɓuce. Ta faɗi, ta soma jan ciki zuwa ƙofar ɗakin yayanta, tana ƙarnin laka da kifi. Daga ranar ba ta ƙara sa hatsi a bakinta ba. Ruwa kawai, bokiti bayan bokiti, leɓɓanta kuma suna tsagewa kamar mai azumi. An kai ta asibiti, an ɗaura mata ruwa, an dawo da ita yadda aka kai ta.

Unguwa kuwa, kun san halinta. Nan da nan aka yanke hukunci: tsohuwa ce, ita ce mai layu, ita ta tono abin kakanni. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta a gidan. Muzammilu da kansa ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah, in kin san wani abu ki faɗi. Ba zan yi fushi ba."

"Ni, Muzammilu? Ni da na goye ta? Ni zan kwantar da ita?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji yana zaure yana jin su, yana ta jan carbinsa.

Motar Abuja da za ta kai Muzammilu filin jirgi, da sassafen Asabar za ta tashi. Ranar Juma'a Munawwara ko zama ba ta iyawa. Muzammilu ya ce ya fasa tafiya, ba zai bar ta haka ba, ko da gurbin zai salwanta. Inna Fatiha ce ta aika a ɗauko Malam Ɗanmusa na Sharabi, malamin da ake kai wa masu irin wannan lalura. Ya iso bayan la'asar a bayan babur, siririn dattijo mai maganar ƙasa-ƙasa. Aka kira maƙwabta mu riƙe yarinyar.

Ya daɗe yana karatu. Rana ta faɗi, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Sai ƙirjin Munawwara ya ɗaga, idanunta suka juye, wata tsohuwar muryar namiji ta fito daga bakinta, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Mi ka haɗa ka da ɗiyar mutane?"

"Ni na bakin ruwa ne. Kakansu ya ajiye ni a Lolo, ƙarƙashin gaɓa, tun ba a san injin jirgi ba. Ban taɓa damun kowa ba. Aka zo aka tono ni, aka cusa ni cikin akwatin ƙarfe, wai in bi yaro in tsare shi."

"To ka bi shi mana, mi ya kawo jifa?"

"Na ji abin da yaron ke karantawa!" Muryar ta tashi har kaji suka firgita. "Ina ƙetara Benin in dawo, ba mai tambayata takarda. Kwastan ba su taɓa ganina ba. Yanzu za a tura ni cikin hasken da ke ganin cikin abin da ke rufe? Mu da aka halitta a ɓoye? Gara in shanye yarinyar nan tas."

Malam ya juya ga Muzammilu. "Ɗauko akwatin. Buɗe."

Ya kawo, ya sa ƙaramin sukudirebansa, kusoshin suka ƙi motsi. Ya sake gwadawa. "Ban taɓa ɗaure su haka ba," ya ce. Sai da aka ɗauko babban sukudireba daga jakar aikin Alhaji sannan suka warware. Ni na riƙe tocila.

Bayan fanka, tsakanin wayoyi, ga wani ƙulli kamar dunƙulen hannu. Baƙar fata ce an naɗe ta da wayar tagulla, bakin wata tsohuwar ƙugiya ya leƙo daga gefe. Ku da kuka san duniya, ku ƙiyasta. Dunƙulen da ba a san cikinsa ba, da ƙarfe, da waya, a ɓoye cikin kwamfuta, a hannun saurayi daga bakin iyaka. Wane jami'in tsaro ne zai tsaya jin labarin kakanni? Muzammilu ya zauna daɓas, ya gane inda aka kusa kai shi. A cikin murfin akwatin kuwa akwai shatin babban yatsa, baƙi wuluk, na man inji. Na gani, shi ma ya gani. Ya sa hannun rigarsa ya goge, bai ɗago kai ba.

"Ga gidanka nan an fitar," in ji Malam. "Sake ta."

"A yanka mini baƙin rago a bakin ruwa."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko ɗigo ba za ka gani ba."

"To yaron ya zauna. Jinin gidanga bai barin Kwara."

"Yaron zai tafi. Ba kai ka ba shi ilimin ba." Malam ya ci gaba da karatu, yarinyar ta gantsare, mu huɗu muna danne ta da ƙyar.

"Tsaya! Tsaya. Abu guda. Hannun da ya tono ni, shi zai mai da ni ramina kafin ketowar alfijir. Ba wani hannu ba. Ina shiga ruwa, na sake ta."

"Hannun wa?"

Muryar ta yi ƙasa. "Da kuka ya zo mini. Ya ce ɗansa zai tafi inda bai da kowa. Mu ba mu tona wanda ya yi mana kuka."

Ba wanda ya kalli kowa. Inna Fatiha ce kaɗai ta ɗaga kai, ta dubi wajen zaure, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sunkuyar.

Malam ya ɗauki ƙullin da tsumma ya aza kan turmi. "Tsari na Allah ne, wanda ya manta ya tuna. Kowa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Wanda ya leƙa, zunubin yarinyar nan a wuyansa."

Ban leƙa ba, amma kunne ba ya da ƙofa. Na ji ana tura babur ta gindin katangata, a kashe, sai da aka yi nisa sannan aka tayar.

Da sauran dare, tun kafin kiran sallar asuba, Munawwara ta yi wata irin atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, yunwa." Turmi wayam. A masallaci, wani a sahun gaba wandonsa jiƙe yake har gwiwa.

Muzammilu ya shiga motar. A filin jirgi jami'ar tsaro ta tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa, ya ce shi ne. Kwamfutar ta bi ta cikin na'ura, aka ce ya buɗe. Ya buɗe. Ba su sami komai ba sai yashi, kamar cikin tafin hannu, a bayan fanka. Ta taɓa, ta dube shi.

"Malam, ruwa ya shiga ne?"

Bayan doguwar hanyar nan da zafin rani, yashin a jiƙe yake. Suka kakkaɓe, suka bar shi ya wuce.

Har yau ba wanda ya nemi gafarar Inna Fatiha, kuma abin nan yana ci mini rai. Wanda ya yi yana nan yana wa'azi a kan layu, muryarsa dai ta ɗan ragu. Ku kuma da kuke taɓe baki kuna cewa jahilci ne, ku tuna ranar da kuka bar gida da jaka. Wa ya rage a ɗakin bayan kun fita sallama? Wanda ya tabbata ba a taɓa cusa masa komai a kaya ba, ya fito ya ƙaryata ni.