Jan Goro a Haƙoran Kati

Inna Atu ba ta yi sallama ba da ta shiga caji ofis na Kebbe. Teburin karɓar ƙara ta buga da tafin hannu.

"Ina Sufeto? Ɗana Siddiƙ mai gyaran rediyo kuka rufe tun jiya. Mi ya yi?"

Sufeto Uwais ya ɗago wani koren kati mai faɗin tafin hannu, da haƙora ruwan zinari a gefe guda.

"Inna, 'yan sa-kai suka tsinci wannan ƙarƙashin bencin shagonsa. An ce da shi yake magana da 'yan bindigar daji. In ya tabbata, gobe Sakkwato za a kai shi."

"Kai ka san ko mine ne abin?"

"Ban sani ba."

"Shi ne ka rufe mutum? Ni ban yi boko ba, amma ko akuya nika saye sai na duba bakinta."

Sufeto ya hau babur zuwa Tambuwal, neman wanda ya san katin. Atu ta tari ɗan acaba ta bi shi, ba wanda ya gayyace ta.

Ɗan'iya mai gwanjon kayan kwamfuta ya kalli katin sau ɗaya. "Ban taɓa ganinsa ba, ranka ya daɗe."

Sufeto ya nuna masa ɗigon shuɗin fenti a bayan katin, sannan ya nuna irinsa a kan duk kayan rumfar. Ɗan'iya ya share zufa.

"Nawa ne. Rediyo ne da ake sokawa cikin kwamfuta. Saurare kawai yake yi, ba ya aika magana. In ba kwamfuta kuwa, gara fasasshen kasko."

"Wa ya saya?"

"Wani dattijo ne, bai faɗi suna ba. Ya dai tofa wa haƙoran yawu ya goge da bakin riga."

Atu ta fizge katin ta kai shi hasken rana. Tsakanin haƙoran, ga jan goro ya bushe.

"Siddiƙ ba shi cin goro, gyambon ciki ya hana shi. Mutum guda na sani mai wanke ƙarfe da yawu."

Da suka koma Kebbe, sun iske Ɗangiwa, wanda ya koya wa Siddiƙ sana'a, zaune a shagonsa ba ko ƙuda, yana taunar goro.

"Rabona da Tambuwal tun azumi," in ji shi.

Sufeto ya zare batir daga wani rediyo da Ɗangiwa ya gyara, ya ajiye kusa da katin. Jan goro iri ɗaya.

"Ko in aika a zo da Ɗan'iya?"

Ɗangiwa ya daina tauna.

"Ni na koya mishi riƙon sukuddireba. Yau tun daga Jabo ake wuce ƙofata a kai mishi gyara. Har ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na sa katin, ni na kira 'yan sa-kai."

"Shekara bakwai yana share maka wanga shago," in ji Atu. "Da ka roƙe shi aiki, da ya raba da kai."

Wani kurtun ɗan sanda ya sa wa Ɗangiwa ankwa ya tasa shi gaba.

Da aka buɗe Siddiƙ, Atu ta tare ƙofa.

"Ba nan ba, Sufeto. A bakin kasuwa aka kira shi ɗan leƙen asiri. Can za ka kai shi, ka faɗa da bakinka ba shi da laifi."

Sufeto ya dube ta, ya ɗauki hularsa.