Ragowar Maganin Yaya

Ku yaran yanzu, da kun iya karanta haruffa biyu a jikin kwali, sai ku ɗauka kun zama likitoci. To ku zauna ku ji, kuma kada wanda ya katse ni.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida Yaya ake ce mata, don ita ce babba. Tana da ƙane ɗan shekara biyar, ana ce masa Auta.

Wata Asabar Mama ta tafi aiki, ta bar mata shi. Da hantsi jikin Auta ya yi zafi. Yana tari, yana kuka. Yaya ta goya shi, ta sauke. Ta leƙa ƙofa, ta dawo. Kukan ya ƙi ƙarewa.

Sai ta tuna da wani magani. Watan jiya ta yi ciwon maƙogwaro, likita ya rubuta mata na kwana bakwai. Ta sha na kwana huɗu, ta ji sauƙi, ta ɓoye sauran da kwalinsa a cikin safa.

"Buɗe baki," ta ce. "Ni ma shi na sha na warke."

"Da ɗaci?"

"Raggo kawai. Haɗiye mana."

Ba a jima ba Auta ya fara susa. Wuya, ciki, baya. Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓensa ya kumbura.  Yaya ta ruga ta cusa kwalin a ƙasan kwandon shara.

Ana cikin haka Mama ta shigo.

"Me ya ci?"

"Ban sani ba, Mama."

Mama ko takalmi ba ta cire ba. Ta saɓa shi a kafaɗa, sai asibiti. Yaya na biye da ita.

Aka yi wa Auta allura, aka shiga da shi ciki. Yaya ta kasa zama. Ta hau benci, ta sauka. Ta je taga, ta dawo. Har Baba ya iso tana kai da kawowa.

Can wata likita ta fito. "Numfashinsa ya daidaita," ta ce. "Amma dole mu san abin da ya shiga cikinsa. In ba mu sani ba, wata rana mu da kanmu muna iya ba shi irinsa."

"Wallahi ban ba shi komai ba," in ji Mama.

Likita ta dubi Yaya. Yaya ta dubi ƙasa. Sai hawaye.

"Ni ce. Ragowar maganina na ba shi."

"Mene ne sunan maganin?"

"Mai fari da ja ne."

"Masu fari da ja suna da yawa, 'yata. Kwalin nake so."

Baba ya ɗauke ta a babur suka koma gida. Ashe an riga an juye kwandon a babban durom ɗin shara na bakin titi.

"Baba, wari."

"Da kika cusa shi ba ki ji warin ba? Sa hannu."

Ta tona. Ɓawon ƙwai, tsumma, ƙudaje. Da ƙyar ta ciro kwalin, ya jiƙe, amma sunan yana nan.

Likita ta karanta, ta rubuta sunan a katin Auta da jan biro.

"Jikinsa ba ya karɓar wannan maganin," ta ce. "Kuma mura ce ke damunsa, wannan ba ya maganin mura. Ke kuma, da kika bar naki a rabi, ƙwayoyin cutar da suka rage suna iya yin taurin kai, gaba su ƙi jin magani."

Kwana biyu aka sallami Auta, ya dawo yana tsalle a kan kujera kamar ba shi ba.

To kun ji. Maganin da aka rubuta maka naka ne kai kaɗai. Ka shanye shi yadda aka ce, kada ka ba kowa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri.

Mama ta yafe wa Yaya, amma ba a banza ba. A makon nan 'yan ajinsu suka tafi kallon namun daji. Ita tana gida, tana shafa wa Auta mai a baya, yana ce mata, "Yaya, sama kaɗan. A'a, ƙasa."